Tsaga Uku a Kowane Kunci

Tsaga uku ce a kowane kuncina, daga gefen ido zuwa kusa da baki. Ran suna aka yi mini su a ƙauyen Hajo, kakata ta wajen uwa, can bayan Kaugama. Babana yana Haɗeja, bai sani ba sai da aka kawo ni.

Da su na yi karatu har jami'a a Kano. Wata ta taɓa tambayata a gaban jama'a ko a garinmu ba a yin katin shaida ne, shi ya sa ake rubutawa a fuska. Na ce, "Ni dai ko na ɓata an san gidanmu. Ke fa?" Dariyar ta koma kanta. Haka aka san ni, Ummussalma mai baki, wadda ba ta kunyar tsagarta. Ba wanda ya san ina juya wa madubi baya idan zan ɗaura ɗankwali.

Da na dawo gida na ji cewa akwai likitoci a Kano masu aikin gyaran fata, amma sai likitanka ya tura ka. Likitan gidanmu kuwa Dokta Nu'uman ne, yayan mahaifiyata. Kawu nake ce masa. Tsagarsa irin tawa ce sak, sai dai tasa ta fi zurfi.

Na sha zuwa ƙaramin asibitinsa da ke bayan kasuwar kifi. In na zauna, na ɗaga ido na ga fuskarsa, sai in ce ciwon kai. Wani zuwan in ce gyambon ciki. Ya rubuta magani, in kai gida in jefa a durowa.

Ranar da na faɗa masa gaskiya, damina ta yi nisa, kogi ya haura gonakin shinkafa. Benci cike yake da mutanen da ruwa ya koro daga ƙauyuka. Kusa da ni wata mata tana fifita ɗanta mai zazzaɓi da bakin mayafi. Na dubi yaron, na tuna abin da ya kawo ni, har na miƙe zan tafi. Sai aka kira sunana.

"Yau kuma ina ne, 'yar boko?" in ji Kawu. "Kai mun gama, ciki mun gama. Saura ƙafa."

"Lafiyata ƙalau, Kawu."

"To gaisuwa kika zo, kika bi layi?"

Na kafa ido a kan takalminsa. Ni da ba a taɓa ƙure ni da magana ba, yau sai da na fara da nuni. Na ɗaga yatsa na taɓa kuncina.

"Waɗannan nake so a cire."

Ina jin kukan yaron nan daga waje. Hannunsa ya tafi kan nasa kuncin, ya sauke da sauri.

"Wani ne ya ce sai kin cire zai aure ki?"

"Da wani ne ya ce, da na ƙara guda biyu."

Bai yi dariya ba. "Da ni da uwarki da ke, aska ɗaya ce."

"Na sani. Ku kun ɗauka, Allah ya ba ku lada. Ni na ɗauka shekara ashirin da huɗu ban ce uffan ba. Na gaji, Kawu."

Ya daɗe yana kallona. Na ga abin ya taɓa shi, ban kuma janye ba. Daga nan ya jawo kujerarsa, ya kunna tocila. Ya duba tsagar, ya duba hujin kunnena da tabon allurar rigakafi a damtsena.

"Saurara da kyau. Ba a gogewa kamar alli a allo. Za a yanke, a ɗinke, siririn tabo ya maye gurbin mai faɗi. Wata fatar kuma takan kumbura bayan yanka, ta fi yadda take a da muni. Taki ban ga alama ba, amma ban yi miki alkawari ba."

"Ina so in ji daga bakin masu aikin."

"Zan tura ki. Hajo ta sani?"

"Fuskata ce."

"Ban ce ba taki ba ce. Tambaya na yi."

Tun da ruwa ya ci ɗakinta Hajo take gidanmu. Idonta ya tafi tun shekarun baya, kunnen ma ya fara bi. Na same ta a tabarma tana jan carbi. Na durƙusa na gaishe ta, ba ta ji ba. Ta miƙo hannu kamar kullum, ta lalubo fuskata, babban yatsanta ya bi layin farko, na biyu, na uku.

"Ummussalma ce," ta ce. "Sauran duk fuskarsu sumul kamar ƙwarya, sai sun yi ta ihu nake gane su. Ina kika je?"

"Wajen Kawu."

"Kan ne har yanzu?"

"A'a, Hajo. Kano zan je ranar Litinin."

"Me?"

Ban maimaita ba, ban kuma fasa tafiyar ba. Na dai tsaya a durƙushe, na bar ta ta juya ɗaya kuncin ta shafa.