Gawar Kamfani

Duk ƙasar Batsari babu wanda mutuwa ta nema ta rasa kamar ni, Jinjiri na Wagini. Rijiya ta rufta da ni a ƙauyen Babban Duhu, aka tono ni ina neman goro. Bijimi ya ɗaga ni sama a kasuwa, shi aka yanka, ni na ci naman. Mutanen daji suka tafi da ni, na dawo gida da ƙafata. Don haka ranar da masu shirya fim suka rasa wanda zai yarda a naɗe shi a likkafani, dariya kawai na yi.

Da jaki na shiga kamfanin. Damina ce, motarsu ta kafe a laka, na ɗauke musu kaya zuwa cikin gari. Mai kamfanin, Armaya'u, ya ce in zauna in ci abinci. A nan na fara ganin abin mamaki: faranti ɗaya ne da shi da direba da mai riƙe fitila, kuma shi ne ƙarshen sa hannu. Na yi wa manya aiki a rayuwata, ban taɓa ganin mai gida yana jiran yaransa su ɗiba ba.

Samarin nan kowa na son a harbe shi a fim, ya faɗi yana shure-shure, amma likkafani sai su ce a kai kasuwa. Wai wanda ya gwada shi ba ya kai baɗi. Na ce su kawo. Tun daga ranar na zama gawar kamfani. Da yake ba a ganin fuska, na mutu ina attajiri, na mutu ina ɓarawon shanu, har mace na taɓa mutuwa. Da farko sai an yi aiki a sallame ni, daga baya aka sa ni cikin masu albashi, yana zuwa kafin ranar kasuwa, bai taɓa latti ba. Tayyib mai kyamara yakan ce kuɗin rufe bakina ake biya, don babu wata dabarar da za ta sa in yi shiru sai wannan.

Suna da wata al'ada. Duk wanda ya yi damina da rani tare da su, kome ƙanƙantar aikinsa, yana da damar tsayawa gaban kyamara a gwada shi. Sau ɗaya ne. In ya yi, ya hau. In bai yi ba, ya koma aikinsa ba gori. Shi kansa Tayyib da riƙon lema ya fara.

Hadiyya ita ke mana girki da gugar kaya. Mace ce mai 'ya'ya, ba ta da yawan magana. Mijinta Rabi'u ya tafi gona wata safiya, mutanen daji suka ɗauke shi, ba a sake jin labarinsa ba. Kuɗin girki ba ya riƙe gida, na 'yan wasa yana riƙewa. Sai ta nemi gwajinta, aka ce ta fito a matsayin matar da za ta zauna kan gawar mijinta kafin a fita da shi. Gawar kuwa kun san ko wane ne.

A ƙauyen Zakka aka yi, a wani ɗakin ƙasa da aka ara mana. Hadari ya haɗo, kuma dole mu kama hanya kafin la'asar, don hanyar ba ta yamma ba ce. Armaya'u ya ce ɗauka ɗaya za a yi. Aka miƙa wa Hadiyya man zafin da suke shafawa a ƙasan ido don hawaye, na ji ta ce a bar shi.

"Baba Jinjiri, yau dai ka mutu da kyau," in ji Tayyib yana ɗaure mini ƙafa.

Na ce, "Ɗan nan, ina mutuwa tun ubanka bai yi kaciya ba."

Aka ja ƙyalle aka rufe mini fuska.

Ta daɗe zaune a gefena, har na ce a raina yarinyar nan ta faɗi gwajin. Sai na ji hannunta a ƙirjina. Maganar da aka koya mata na san ta, don a gabana ta yi ta bita tana tuƙa tuwo. Ba ita ta faɗa ba. Muryarta ta sauka ƙasa, ta ce, "Rabi'u, ashe ka zo. Na ajiye maka furarka har ta yi tsami."

A daidai nan abu ya harbe ni a bayan cinya.

Na san kunama, ta san ni. Wannan baƙa ce ta damina, wadda ke sa ƙato ya kira uwarsa. Wuta ta taso daga cinya ta hau mara, ta nufi haƙora. In na motsa ko yatsa, Tayyib zai tsayar da kyamara, kuma abin da ke fitowa daga bakin matar nan ba ya fitowa sau biyu. Na danne harshe da dasashi. Na ce wa kunamar a zuci, ke, gawa kika harba, ki ji kunya. Ta ƙara mini ɗaya.

Hadiyya tana ta magana a hankali. Ta gaya masa ƙaramin ɗansu ya fara tafiya. Ta gaya masa an sayar da tunkiyar, ya yi haƙuri. Ta ce ko takalminsa da an kawo mata, da ta san inda za ta dinga kallo. Hawayenta ya ratsa ƙyallen ya jiƙa mini wuya, da ɗumi.

Ni da na shiga rijiya na fito, ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, kuma ba tsoron kunama ba ne. Ji na yi kamar ba ni kaɗai ne cikin ƙyallen ba, kamar an ara wa wani jikina ya kwanta ya saurari matarsa. Gumi yana karyo mini, amma ƙirjina ya ƙi ɗagawa, kuma wallahi ba ni na riƙe shi ba.

Ban ji an ce a tsaya ba. Sai dai na ji ruwa ya sauko kan rufi, sannan wani yana jan majina. Armaya'u ne. Da suka kwance ni, kunamar ta faɗo kan tabarma tana ɗaga ƙari. Tayyib ya dube ta, ya dubi cinyata, ya cire hularsa. Ranar bai tsokane ni ba har muka isa Safana.

A mota ƙafata ta yi kamar turmi. Hadiyya ta riƙe mini kwanon jiƙo, idonta a bushe. Ta ce, "Baba, yau na yi masa sutura."

Na karɓi kwanon na shanye.

An ba ta aikin. Sunan mijin cikin fim ɗin ma aka canza shi ya koma Rabi'u, don Armaya'u ya ce ba mai taɓa wannan ɗaukar. Ni kuma ya kira ni ya ce lokaci ya yi da zan hau, za a ba ni mai gari, da rawani da magana mai tsawo da ƙarin albashi. Na ce ƙarin dai ya kawo, rawanin ya ba wani. Mai gari kowa zai iya. Wa suke da shi da zai kwanta?

Yanzu in mun shiga gari, Hadiyya mata ke leƙowa su gani, wata ce ke mata guga. Amma duk ranar da zan mutu, ba ta yarda kowa ya taɓa likkafanin. Ita ke fita da shi waje ta kakkaɓe, ta juya shi ta sake kakkaɓewa, ta ɗaga tabarma ta duba, sannan ta ce, "Bismilla, Baba, kwanta."