Ƙugun Wandon Baba

Baba ya damƙi ɗan ƙarfen da likita ta miƙa masa, ya matse shi har jijiyoyin hannunsa suka fito raɗa-raɗa. Likitar ta duba ma'aunin, ta ɗaga gira.

"Kai, Baba! Wannan hannu haka?"

"Bakanike ne ni, yarinya," ya ce yana haki. "Notin da ya gagari samari, ni ake kira."

Auta, 'yarsa ta ƙarshe, tana tsaye a gefen gadon ta harɗe hannuwa a ƙirji. Tun ranar da aka kwantar da Baba a ɗakin masu ciwon zuciya ba ta yarda da matar nan ba. Fara'a kam tana da ita, gaisuwa har da rusunawa, amma tambayoyinta ne ba su kwanta wa Auta a rai ba. An kawo mutum numfashi yana sarƙewa, ƙafafu sun kumbura suntum, an ce wata 'yar ƙofa ce a zuciyarsa ta tsuke, sai an yi aiki an canza ta. To, a yi aikin mana! Ina, sai ta jawo kujera ta zauna tana tambayar wa ke yi masa wanka, wa ke sa masa takalmi, yaushe rabonsa da zuwa bakin titi shi kaɗai.

"Likita," Auta ta ce, "zuciya muka kawo a duba. Me ya haɗa ta da takalmi?"

"Aikin babba ne," likitar ta ce a natse. "Zuciyar za mu iya gyarawa, amma jikin ne zai ɗauki wahalar gyaran. Akwai tsohon da zai tashi ya koma gida da ƙafarsa. Akwai wanda jikinsa ya riga ya zaizaye ta ciki, in aka kwantar da shi ba zai ƙara tashi ba. Irin wannan gara a bi shi da magani, a lallaɓa. So nake in san wanne ne Baba."

Auta ba abin da ta ji a maganar nan sai abu guda: an ga tsoho ne, ana neman hanyar da za a sallame shi ya je gida ya ƙarasa.

Aka sa Baba ya zauna a kujera, aka ce ya miƙe ba tare da ya dafa ba. Ya yunƙura, ya koma. Ya sake yunƙurawa, sai da ya dafa gwiwa sannan ya tashi.

"Kujerarku ce ta yi ƙasa," ya ce.

"Ta yi ƙasa mana," Auta ta karɓe. "Ko ni sai na dafa."

Likitar ba ta yi musu ba. Ta ce sikeli ba zai faɗa mata gaskiya ba, don ruwan da ya taru a ƙafafunsa ya ƙara masa nauyi, saboda haka sai dai ta tambayi mutanen gida. Ya rame a 'yan watannin nan? Kayansa sun fara yi masa yawa?

"Wandunan da yake sawa tun yana gareji su yake sawa har yau," Auta ta ce da sauri. "Cif-cif. Ga Inna nan, tela ce, ki tambaye ta."

Inna tana zaune a ƙarshen gadon tana kallon yatsunta. "Cif suke masa," ta ce, ba ta ɗago ba.

Da hantsi washegari Auta ta fito daga ɗakin, sai ta hangi Yaya, wanta, tsaye da likitar a lungun da ke kusa da bene, sun yi ƙasa da murya. Da ganinta suka yi shiru. Ranta ya ɓaci nan take. Ta jira likitar ta wuce, ta tare shi.

"Me kuke ƙullawa?"

"Ƙullawa kuma? Ce mata na yi ranar da muka kawo shi ni na ɗauke shi daga mota. Auta, bai yi min nauyi ba. Abin ya tsaya min a rai."

"Kai da kake wuni ɗaukar buhun siminti, wa zai yi maka nauyi? Ka dai gaji da zirga-zirgar asibiti, ka fito fili ka faɗa."

"Allah ya shirye ki," Yaya ya ce, ya yi tafiyarsa.

Daga ranar Auta ta zama ɗan sandan ɗakin. Nas ta zo da magani, sai ta karanta kwalin. Likitoci suka taru a ƙofa, sai ta kasa kunne. Ta samu babban likitan sashen ta faɗa masa ubanta ba kayan zubarwa ba ne, mutumin da ke matse ƙarfe haka a ce ba zai jure aiki ba? Ta yi ta nacin har aka zauna a kan maganar. Ƙarshe likitar ta zo ta ce sun duba: tashinsa daga kujera bai gamsar da ita ba, amma hannunsa da ƙarfi, kuma tunda iyali sun tabbatar bai rame ba, za a yi aikin farkon mako. Auta ta kalli Yaya, kallon na ci nasara.

Abu ɗaya ne ya rage yana yi mata kai-kawo a zuci, shi ne Inna. An ce za a yi aiki, ko alhamdulillahi ba ta ce da ƙarfi ba. Sannan ga wannan jakar wanki da take kaffa-kaffa da ita. Matar Yaya ta ce a ba ta ta wanke, Inna ta hana. Auta ta miƙa hannu, Inna ta janye ta tura ƙarƙashin gado. Mace mai ciwon baya, me za ta yi da wankin wanduna? Auta ta raya a ranta ko jini Baba ke zubarwa ake ɓoye mata.

Ta bari sai da Inna ta tafi karɓo magani, ta sunkuce jakar ta yi gida.

A bakin famfo ta zazzage kayan. Babu jini, babu komai. Ta ji kunyar kanta, ta ɗauki wando mai ruwan toka ta juya cikinsa don ta saɓa masa sabulu, sai hannunta ya tsaya. A bayan ƙugun, inda ya kamata a ga ɗinki ɗaya, layuka ne jere, kowane yana cikin ɗan'uwansa. Na farko zarensa ya koɗe, na ƙarshe sabo fil. Yadin da aka cinye an ninke shi an danne da dutsen guga, faɗinsa ya kai tafin hannunta. A gindin keken ɗinkin Inna ta girma, ko cikin barci ta san wannan ɗinkin.

Ta ruga ɗakin Baba ta buɗe durowa. Duk wandunan haka suke. Rigunan an rage su ta gefe, maɓallan wuya an matsar da su, an toshe tsofaffin gurabun da zare mai launin yadin. Aiki ne mai tsabta, wanda ba a yi shi rana ɗaya ba. Auta ta zauna a bakin gadon, tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da aka kawo shi asibiti.

Ta tarar da Inna a barandar asibitin, ta buɗe mata bakin jakar kawai. Inna ta kalla, ta kau da kai.

"Bara wando ya zame masa a tsakar gida," ta ce a hankali. "Mutumin da ke ɗaga kan inji shi kaɗai. Na ga idonsa ranar, ko abinci bai ci ba. Sai na rage masa kaɗan. Bayan nan kuma na ƙara kaɗan."

"Inna, saboda wandon nan za a yanka ƙirjinsa!"

"Ni ce wa likita na yi cif suke masa, kuma cif suke. Ke kika ce a yi aiki." Ta rufe bakin jakar. "Na rasa ta inda zan fara, ke kina ta faɗa, shi yana kallona. Ki yi duk abin da za ki yi, amma don Allah kada ya sani."

Suka shiga tare. Baba ya dubi jakar a hannun Auta, ya dubi fuskarta, sai ya ce wa Inna ruwan zafi yake so, ta samo masa a wurin nas. Sai da ƙarar takalminta ta yi nisa ya yafito Auta.

"Kin juya cikin wandon ke nan."

Auta ta ajiye jakar a gefen gadon.

"Haba Auta, bakanike fa nake. A matse noti ban sani ba? Aljihunan baya kullum matsowa suke, yanzu sun kusa gaisawa." Ya yi dariya, tari ya katse shi. "Uwarki ta iya ɗinki, ba ta dai iya sata ba."

"To me ya hana ka faɗa wa likita, Baba?"

"A gabanta? Mace ta shekara tana rufa min asiri, ni in tona nata? Ke kuma ga ki kin tsaya min kamar soja, na ji nauyin in kunyata ki." Ya kama hannunta, damƙar nan tasa tana nan yadda take. "Hannun ne kawai ya rage, 'yata. Sauran duk ya tafi, ni na san jikina. Kai wa yarinyar nan wandon, ta yi hukuncinta da gaskiya. Ki ce ke kika gano. Uwarki kada ta ji na sani."

Inna ta dawo da kofi yana tururi. Baba ya karɓa, ya hura.

"Ranar da za a sallame ni," ya ce mata, "mai ruwan tokar nan za ki kawo min. Ya fi zama min daidai."

"Zan goge maka shi," Inna ta ce.

Auta ta fita da jakar. Ta hangi likitar tana saukowa daga bene, ta tare ta a lungun nan inda ta taɓa ganin su da Yaya. Ta waiga ta tabbata ba mai jin su, sannan ta yi ƙasa da murya.

"Likita, kin tambaye mu ko ya rame," ta ce, ta ciro wandon ta fara juya cikinsa.