Akwai Gajiya

Mutumin Adar ko rai zai fita, ka ce masa "ina gajiya?" zai ce "babu gajiya." Haka muka taras, haka muke yi. Ƙanena Attahiru ne kaɗai na san ya taɓa karya wannan magana, kuma ni Biba har gobe ina bayansa.

Shekararsa uku a Dakar yana karatun lokotoro, wato likita, sa'ad da ya zo hutu garinmu Babankatami, daminar da yaƙin Nasara da Jamus ya shiga shekara ta huɗu. Da ganinsa raina ya ɓaci. Yaron da ya tafi da surutu kamar aku ya dawo ba ya iya ƙarasa magana. In ya ɗauki ƙoƙon fura hannunsa rawa yake yi. Yakan buɗe littafi a gindin aduwa ya wuni a shafi ɗaya. Ni kaɗai ya faɗa wa gaskiya: da safe aji, da yamma majinyata, gobe jarrabawa, ba tsayawa, har ya kai in mutum ya mutu a hannunsa ba ya jin komai. Rashin jin nan shi ke ba shi tsoro. Amma duk wanda ya shigo gaida "lokotoron garinmu", sai ya yi murmushi ya ce babu gajiya.

Kwanansa huɗu kacal, sai ga gardi, ɗan sandan Nasara, daga Madawa bisa doki da takarda. Wai ana lambar rigakafin ciwon agana a ƙauyuka, hannun aiki ya yi kaɗan, ɗalibi ya zo gobe ya kama aiki har ƙarshen hutunsa. In ya ƙi, a soke sunansa daga lakwal, makarantarsu ta Dakar. Baba Gado, ƙanen ubanmu, har miƙewa ya yi don murna. Shi dai a ce ɗansa lokotoro ne, ko da gawa ce.

Gardi ya sauka ya fara jera gaisuwa yadda kowa ke yi, ba ya ma sauraren amsa. Ina kwana, ina gida, ina gajiya.

"Akwai ta," in ji Attahiru.

Gardi har ya wuce zuwa "ina ruwa" kafin maganar ta iske shi. Ya tsaya baki buɗe.

"Kai Attahiru, mi kac ce?" in ji Baba Gado. "Ba a hwaɗin haka."

"Baba, tambaya ta anka yi, na ba da amsa. Na gaji. In na tahi da hannun ga, ɗiyan mutane za ni jima ciwo."

Ya juya takardar ya yi rubutu a bayanta da Faransanci, ya karanta mana da Hausa: majinyaci Attahiru, ciwonsa gajiya, maganinsa hutun da aka ba shi, ba ragi. Ya sa hannu ya miƙa wa gardi. Ni kuwa na kawo wa gardin ruwa, don shi ma da gani akwai tasa.

Sunan kam sun soke shi. Ba zan ɓoye ba, na ji tsoro ƙwarai. Baba Gado ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwarsa. Attahiru ko a jikinsa, ya ɗauki hauya ya bi mu gona, ya ci tuwo, ya yi barci, hannu ya bar rawa. Bayan kaka tsohuwar akuyarmu ta mutu, na tarar da shi a kanta yana kuka. A ranar na san ya warke.

Da shekara ta kewayo Nasara suka rasa hannun aiki, da kansu suka aiko kiransa. Ya koma ya gama.

Yanzu a Keita yake aiki, kuma yana da wata ɗabi'a da ke ba mutane haushi: in ya ce maka ina gajiya ba ya wucewa gaba, sai ya tsaya ya jira. Bara na raka Baba Gado wurinsa da ciwon ƙirji. Attahiru ya durƙusa ya gaishe shi, tsoho ya ce babu gajiya. Attahiru ya jira.

Baba ya ɗago kai ya dube shi.

"Akwai ta, ɗana," ya ce. "Ta daɗe."