Sifili a Gaban Sunan Malam Luka

Fibi ta iske tukunyar a tsakar gida ranar Lahadi bayan an tashi coci. Babbar tukunyar marigayiya mahaifiyarta ce, wadda ba a ɗora ta sai za a ciyar da taro. Ga ta cike da shinkafa da wake har wuya, sun kwana sun fara tsami, ƙudaje na ta hidimarsu. Mahaifinta, Malam Luka, yana gindin mangwaro yana wasa fartanyar da ba ta buƙatar wani washi. Ta gaishe shi, ya amsa, ya tambaye ta Malumfashi da aiki, kamar babu tukunya a wurin.

Sai da ta matsa masa sannan ya faɗa. Jiya ce Asabar ɗin gayyarsa. Tun kafin a haifi Fibi haka abin yake a wannan gefen na Ƙarfi: in aka taru aka nome gonar maƙwabcinsa Maiwada, Asabar mai zuwa tasa ce. Ya dafa abinci da kansa tunda babu mai dafa masa, ya dama kunu, ya shimfiɗa tabarmi, ya zauna yana duban hanya. Rana ta take, ta karkata, ko akuya ba ta leƙo ba. Masararsa kuwa ciyawa ta kamo ta, in aka ƙara jinkiri sai dai a yi mata addu'a.

Ta tambaye shi me ya hana shi kiran ko mutum ɗaya a waya.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa ta ci, "mutum ba ya bin mutane yana tambayar don mi ba su zo ba. Ai sun san hanya."

Ba masarar ce ta fi damun Fibi ba. Fuskarsa ce. Mutumin da ya tsufa a gonakin jama'a, Musulmi da Kirista, yana zaune ya yarda an gama da shi. Kuma tun kafin ya rufe baki ta tuna wa ke tsara gayya bana.

Fibi mai rubuta manhaja ce. Da ta gama karatu a Zariya ta kama ɗaki a Malumfashi, tana yi wa mutanen da ba ta taɓa gani ba aiki ta intanet. Maƙwabtanta sun ɗauka gyaran waya take yi, ita ma ta gaji da bayani ta bar su a haka. Wuni take ita da kwamfuta da ƙarar fanka. Wayarta ba ta cika ƙara ba, in ta yi ƙara ma saƙon na'ura ne cewa wani abu ya lalace a wani wuri. Abin da take alfahari da shi a duniya wata 'yar manhaja ce da ta sa wa suna Ƙunshi. Aikin Ƙunshi shi ne ya matse bayanai su zama mitsitsi, su iya wucewa ko sabis na tangal-tangal. Abin da aka matse haka ba ya karantuwa sai da tsarinsa, wato ɗan fayil mai faɗin me ya kamata ya kasance a kowane gurbi: nan suna, nan lamba, lambar kuma kada ta gaza kaza. Duk lokacin da aka buɗe manhaja, waya za ta ɗauko tsarin, ta fara tabbatar shi kansa lafiyarsa lau, sannan ta auna kowane bayani da shi. Wanda ya dace ya shige, wanda bai dace ba a ture shi gefe.

Da ƙungiyar manoman unguwarsu ta gaji da rigimar ranakun gayya, ita ta ɗora musu manhaja a kan Ƙunshi, kyauta, tana jin daɗin yau dai aikinta ya taɓa ƙasar garinsu. Waya ce yanzu ke aika wa matasa saƙo cewa gobe gonar wane za a je.

Ta ciro kwamfutar daga jaka, ta zauna a kan turmi, ta buɗe inda ake ture waɗanda tsari ya ƙi. Ba ta taɓa leƙa wurin ba, don tana ganin shara ce kawai ke taruwa a ciki. Ga sunan mahaifinta nan a sama. A gurbin yawan masu fita aiki daga gidan an sa sifili. Ita kuwa da hannunta ta rubuta a tsari cewa lambar kada ta gaza ɗaya, don a ranta wane gida ne za a ce babu ko mutum ɗaya mai riƙe fartanya? Gidan da aka haife ta, ashe.

Ta rufe kwamfutar. Ta tafi shagon Murtala, sakataren ƙungiya, wanda ya bi gida-gida ya shigar da sunaye. Murtala bai ɓoye mata ba. Ya ce duk dattawan da 'ya'yansu suka watse birane sun lissafa su, wani har da na Legas, shi ma ya kau da kai ya rubuta. Baba Luka ne ya ƙi. Ya ce 'ya'yansa maza biyu suna Kaduna da Abuja, ɗiyarsa kuma tana Malumfashi, shi kansa bayansa ya daina yarda da doguwar sunkuyawa, don haka ba zai yi wa wayar mutane ƙarya ba. Da sunansa bai fito a jerin ranaku ba, kowa ya ɗauka Malama Fibi ce ta cire shi, tunda abin nata ne, wataƙila ta ɗauko masa masu feshin maganin ciyawa. Babu wanda ya tambaya, don kada a ce an sa ido a harkar gidan mutum. Jiya duk suna gonar da waya ta tura su.

Haushi ya kama Fibi, ta rasa wanda za ta sauke wa. Kowa ya yi kara, kowa ya yi ladabi, ita ma manhajar ta yi shiru irin nasu, aka bar tsoho da tukunya.

Gyaran bai kai a kira shi aiki ba. Ta mayar da ɗaya sifili a cikin tsarin, ta ƙara cewa daga yau duk bayanin da aka ƙi, waya ta faɗa da babbar murya. Ta tura sabon tsarin. Wayar Murtala ba data, kamar kullum, sai da ta jona masa nata. Ya rufe manhajar ya sake buɗewa, wayar ta ɗan yi tunani, ta karɓi tsarin, sai ga sunan Malam Luka ya faɗo cikin jeri. Tare da shi aka ga na Hajjo, wata tsohuwa da mijinta ya rasu, wadda ita ma ashe gaskiya ta faɗa. Murtala ya yi salati, ya ce Talata za a je gonar Hajjo tunda tata ta fi lalacewa, Alhamis kuma ta Baba Luka, ba sai an jira Asabar ba.

Ta koma gida da saurinta, ta tarar ya kwashe abincin ya zuba wa kaji abin da za su iya, yana kankare tukunyar. Ta durƙusa gabansa ta yi masa bayani, ta ce babu wanda ya guje shi, ita ce ta rufe masa ƙofa ba ta sani ba. Ta miƙa masa waya ya gani da idonsa. Ya goge hannu, ya nisanta ta da fuskarsa, ya karanta sunansa a hankali. Ta ga kafaɗunsa sun ɗan sauka, ta ji daɗi. Sai ya ɗora yatsa a gefen sunan.

"Wannan ƙwallon fa?"

"Sifili ne, Baba. Yanzu na sa ta yarda da shi."

"Kowa zai gan shi ke nan?"

Ta ce e, duk mai manhajar zai gani, amma in yana so sai ta ɓoye gurbin.

"Bar shi," ya ce. "Na'urarki ba ta yi mini ƙazafi ba. Tun da uwarku ta tafi, in na yi tari da safe ni ke ce wa kaina sannu. Wa ke gidan nan?"

Ya koma kankarar tukunyarsa. Fibi ta zauna da waya a hannu. Tsakanin Malumfashi da Ƙarfi ba wata tafiya ba ce. Tana can ita kaɗai tana magana da bango, yana nan shi kaɗai yana magana da kaji, kowa na cewa ba ya son ya takura wa ɗan'uwansa. Ta dubi ƙofar ɗakinta na ƙuruciya, an cika shi da buhunan taki. Sabis ɗin Ƙarfi bai fi na Malumfashi muni sosai ba, ita ta fi kowa sani.

Ta buɗe bayanin gidan, ta goge sifilin ta sa ɗaya. Tsarin da ta rubuta ba ya karɓar lamba haka kawai, sai an ba shi suna da lambar waya. Ta rubuta nata. Ya auna, ya karɓa. Ba ta gaya wa mahaifinta ba, ta tashi ta fara jan buhunan taki tana fitarwa. Ya ɗago ya kalle ta, ya ajiye tukunyar ya zo ya kama mata ɗaya gefen.

Suna kan buhu na ƙarshe wayarta ta yi ƙara. Ta ciro tana tsammanin wani abu ya sake lalacewa. Saƙo ne daga manhajarta, irin wanda ta tsara wa wasu ba ta taɓa samu ba, yana cewa Talata gayya a gonar Hajjo, Fibi Luka ta zo da fartanyarta. Ta karanta masa a fili.

Malam Luka ya dubi tafin hannunta, mai laushi kamar na jariri, ya girgiza kai. Ya je gindin mangwaro ya ɗauko fartanyar da ya wuni yana wasawa, ya miƙa mata.