Baƙin Mai a Jikin Rodi

Yoila magini ya riga ya cire rabin gorar da ke tokare da rufin kankare lokacin da Siddiƙa ta iso sabon gidan da suke ginawa a unguwar Galtimari. Mahaifinta, Baba Madu, yana tsaye a tsakiyar falon da ba a yi wa filasta ba, yana kallon sama yana murmushi.

Tun da ambaliya ta ci gidansu na Gamboru suke cunkushe a ɗaki guda a gidan kawunta. Rodin da Baba ya tara kafin ruwan, shi kaɗai ya tsira. Jiya suna cin abincin rana ya ba ta labari cikin alfahari: da ya ga tsatsa ta fara kama rodin, sai ya samo baƙin mai wajen bakanike, ya bi rodin ɗaya bayan ɗaya yana shafa masa da tsumma. Har ranar da aka zuba kankare yana sheƙi.

Abin da take bincike a kai ke nan a digirinta na biyu, yadda kankare ke riƙe rodi. Ta sha gwadawa a jami'a. Rodi mai 'yar tsatsa, sai kankaren ya tsage kafin ya sake shi. Wanda ya sha mai kuwa zamewa yake yi, ya fito sumul. Yau da safe ta sa faɗin falon da kaurin rufin a lissafinta na kwamfuta. Ta sake sawa, ta yi wa gidan sassauci. Amsar ba ta canza ba.

Ta gaishe su, ta tsaya tana murza bakin mayafinta. Sannan ta yi bayani, idonta a ƙasa: rufin ba zai faɗo yau ba, wataƙila ma ba bana ba, amma rodin zai riƙa zamewa a ciki, ba mai gani. Yoila ya ajiye gudumarsa, ya ce wallahi shi ya ɗauka sabon rodi ne.

"To mene ne maganinsa, Injiniya?" in ji Baba. Haka yake kiranta tun ranar da ta shiga jami'a.

"A fasa, Baba. A sake."

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

"Da hannuna na shafa," ya ce. "Don kada ya lalace."

Ba wanda ya ƙara zancen fasawa. Dukansu sun san babu wani rodin. Baba ya ce wa Yoila ya bar gora ɗaya a tsakiya saboda ita. Siddiƙa ta san gora ɗaya ba za ta riƙe komai ba, amma ta yi godiya.

Da la'asar Hajja mahaifiyarta ta zo ganin gida, ba wanda ya gaya mata zancen rodin. Ta zagaya ko'ina tana hamdala, ta ce a falon nan za ta riƙa kwana da jikokinta, ya fi iska. Sai ta dafa gorar.

"Wannan fa?"

"Ta Siddiƙa ce," in ji Baba, bai ɗago ba.

Hajja ta yi dariya, ta rataya mayafinta a ƙusar da ke jikin gorar. Siddiƙa ta ɗaga kai ta dubi rufin, sannan ta ce ita ma a falon za a sa mata katifa.