Zaren da Ba a Girgizawa

Duk wanda ya taɓa aiki da doguwar ƙwayar DNA ya san ba a girgiza ta. Kamar zare take, siririya, a dunƙule cikin ruwa. Ka jijjiga kwalbarta, ta tsintsinke. Ni har bakin bututun ɗiban ruwa nake yankewa don ya yi faɗi, in ɗebo ta a hankali kamar mai ɗaukar jinjiri.

Ina son ta, ba na kunyar faɗa. Ta madubin ƙara girma za ka ga ta iso bakin siririyar hanyar da na fafe a jikin gilashi, ta tsaya tana ɗari-ɗari, sannan ta miƙa kai, ta warware, ta shige tana ƙyalli kore shar. Wannan tsayuwar nake aunawa. Farfesa Ryu ya ce in nuna masa. In bai gani ba, zai rufe aikina ya mayar da ni ƙarƙashin Seok-hun, babban ɗalibin ɗakin bincikenmu na birnin Daejeon.

Da safiyar ranar da zan nuna masa na shigo na tarar da kwalbata, wadda ita kaɗai ta rage, a kan injin jijjiga. Seok-hun ya danne ta da hannu ɗaya, yana latsa waya da ɗayan.

"Yaya, me kake yi?"

"Taimakonki nake, Da-som. Ruwan bai gaurayu ba. Ke komai sai kin yi masa tafiyar amarya."

Farfesa ya zo ya leƙa madubin. Gutsattsari kawai ke wucewa a guje, babu mai tsayawa, babu mai warwarewa.

"Hanyar taki ta yi faɗi," in ji shi. "Ba ki iya fafe gilashi ba tukuna."

Na dubi Seok-hun. A wajenmu ƙarami ba ya kai ƙarar babba, babban ne ke sunkuyar da kai ya ɗauki laifinsa. Na jira.

"Zan koya mata, Farfesa," ya ce, har da murmushi.

Na juya wajen Farfesa.

"Farfesa, hanyar lafiyarta ƙalau. Yaya ne ya ɗora kwalbar a injin jijjiga."

Farfesa ya cire tabarau. Ni ya kalla, ba Seok-hun ba.

"A gabana kike tona na gaba da ke?" Ya mayar da tabaraunsa. "Ki haɗa wata kwalbar kafin ƙarshen wata. Ki kuma ba shi haƙuri."

Na sunkuya na ba shi haƙurin, haƙorana a cije. Da rana duk suka tafi cin miyar kimchi, ba wanda ya kira ni. Na ɗauko almakashi na yanke bakin sabon bututu.