Kwalbar Farfesa Kvapil

A ɗakin da ke ƙarshen baranda, a wata cibiyar binciken tsirrai a birnin Brno, jan ƙwan lantarki kaɗai ake kunnawa. A can Dakta Radka take ajiye wani ruwa da ta shekara biyu tana haɗawa. Idan saiwa ta sha shi aka haska mata fitila, sai ya cafke furotin ɗin da ke dakon sinadarin girma a jikin tsiro, a gane shi. Amma in haske ya riske shi a kwalba, ya mutu murus.

Jarmila mai wankin kwalabe ta san wannan sarai. Farfesa Kvapil kuwa, shugaban wurin, rabonsa da taɓa kwalba tun yana da gashi.

Ranar Litinin aka tarar ruwan ya lalace.

"Ke ce kika kunna farin ƙwai kina goge-gogenki," Farfesa ya ce wa Jarmila. "Ƙarshen wata ki ajiye makulli."

"Yallaɓai, shekarata ashirin ina goge ɗakin nan da lalube."

"To lalubo ƙofa."

Radka ta sunkuyar da kai. Digiri uku, baki babu.

Jarmila ba ta yi kuka ba, don ta tuna Juma'ar da ta wuce. Radka na wajen taro, mai ɗaukar hoton jarida ya zo. Farfesa ya saka farar riga mai karin guga, ya ɗauko kwalbar ruwan, ya ɓare takardar azurfar da ke kare ta daga haske kamar mai ɓare alewa.

"Ba ta fito ba, Farfesa," in ji mai hoton. "Matso taga."

Ya matsa, har da ɗaga ta sama, rana na ratsa ta, yana gyara haɓa.

Ranar Laraba Jarmila ta sayi jaridar a tashar taragu. Ta yanke hoton tsaf, ta manna a ƙofar jan ɗaki, daidai ƙarƙashin allon da ya ce a kiyayi haske. Kafin shayin ƙarfe goma har masu gadi sun hawo kallo.

Farfesa ya zo ya tsaya. Ƙeyarsa ta yi ja kamar ƙwan ɗakin.

"Ka yi kyau, Yallaɓai," in ji Jarmila, tana matse tsumma. "Makullin fa, wa zan ba?"

Bai waiwayo ba.

"Akwai kwalabe a kwatami," ya ce. "Je ki wanke."